Ya Tafi ko Bai Tafi Ba?

Masu zuwa teburina a bakin kasuwar Dole ta Damagaram da matsalar murya kashi biyu ne. Akwai wanda muryar wani ta ɓace masa a waya, yana so in tono masa ita. Akwai kuma wanda tasa ce ta kuɓuce, yana so in tabbatar masa ta mutu murus. Ni dai gyaran waya na koya: sauya gilashi, bakin caji, batirin da ya kumbura, Tecno ko Itel da ta faɗa randa. Amma tun da saƙon murya ya zama wasiƙar mutanenmu, sana'ar ta jawo mini tambayoyin da sukudireba ba ta kwance su.

A unguwar Birni aka haife ni, can nake kwana, kuma a idona abin ya shigo. Yawancin iyayenmu ba su yi lakwal ba, wanda ya iya ajami kuwa waya ba ta yi masa wuri ba. A da, in za a gaida ɗan gida da ke Libiya ko Makka, kaset ake saye, a kafa rediyo tsakar gida bayan isha'i, kowa ya matso ya faɗi tasa, a naɗe da takarda a ba direba. Kaset kuɗi ne, tafiyarsa kuma ta makonni ce, saboda haka sai an auna magana kafin a danna jan maɓalli. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, zuwa 2022 kamfanin da kansa ya ce ana aika biliyan 7 kowace rana a duniya. Nan wurinmu shi ne komai: cinikin wake da riɗi, sanarwar suna, ta'aziyya, wa'azi, har faɗan kishiyoyi.

Sai ga hanyoyin da murya za ta shiga waya ba tare da ta zauna ba. Ta farko tun asali tana nan: kana danne da alamar makirfo kana magana, in ka fasa sai ka ja yatsa gefe, saƙon ya faɗa kwandon shara, ba wanda ya ji. Akwai saƙo mai wa'adi, mai share kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. A Disamba ta 2023 kuma aka ƙaro na ji-sau-ɗaya. Ka kulle naɗin, ka taɓa lamba 1 da ke cikin ɗan da'ira, wanda ka aika wa ya saurara sau guda, shi ke nan. Ba ya iya ajiyewa, ba ya iya turawa gaba, in ma ya yi kwana 14 bai buɗe ba sai saƙon ya bi iska.

Abin da ke gudana a ciki ba siddabaru ba ne. Makirfo yana mai da sauti lambobi, manhajar tana tara su cikin wani ɗan fayil na wucin gadi, in ka fasa ta share shi. A katin memori sharewa ba ta wuce cire suna daga jeri ba. Abin yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, shi ya sa mukan tono wa mata hotunan biki da yara suka goge. Wayoyin yanzu kuwa a kulle suke rubuta komai cikin cikinsu, da zarar an share, ni da kayan aikina ba mu da ta cewa. Don haka in mutum ya tambaye ni ko saƙon da ya ja gefe yana maƙale wani wuri, amsata a'a ce, kuma ban yi masa ƙarya ba. Sai dai gaskiyar mai gyaran waya ce, tana da iyaka.

Wata Alhamis bayan la'asar, kasuwa na ci, wani yaro ɗan kabu-kabu ya tsaya gaban teburina, ko babur bai kashe ba. Ya miƙo mini waya hannunsa na ɓari.

"Yaya, don Allah duba mini. Ya tafi ko bai tafi ba?"

"Me zai tafi?"

"Odiyo. Mai ɗakina na yi wa odiyo."

Sai da na sa ya kashe babur ya zauna kan benci na fahimci zancen. Matar ta tafi gidansu a Garin Malam ba ta gaya masa ba, ya kira ya kira ba ta ɗaga ba, zuciya ta ɗebe shi. Ya danna makirfo, ya faɗi kalmar nan da kowane mai aure ke tsoro. Tana fita jikinsa ya yi sanyi, yatsansa kuwa na nan kan gilashi bai ɗaga ba, sai ya ja shi gefe. Na buɗe hirarsu. Abu na ƙarshe saƙon jiya ne kan kuɗin cefane. Ba alamar agogo, ba alamar isa, ba komai.

"Bai tafi ba," na ce masa. "Ba abin da ya fita daga wayar nan."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala, har ya sa hannu aljihu zai ba ni na goro. Dattijon da ke ɗinkin hula kusa da ni, wanda na ɗauka ba ya sauraronmu, bai ko ɗago kai daga allurarsa ba ya ce:

"Yaro, daga waya ne bai fita ba. Daga bakinka fa?"

"Baba, ai ba ta ji ba. Ba wanda ya ji."

"Kai ba ka ji ba?"

Yaron ya dube ni, ni kuma na dubi wayar, kamar akwai sauran abin da za ta faɗa.

Mu nan Malikawa ne, kuma duk wanda ya zauna zauren malam a Birni ya ɗan taɓa Risala ta Ibn Abi Zaid ko ya ji ana fassara Muhtasar na Halil ya san hukuncin. Saki da lafazi bayyananne yana aukuwa da furtawa. Ba a sharɗanta matar ta ji ba, ba a sharɗanta shaidu su halarta ba, ko cewa wasa nake ba ta fid da mutum. Wasiƙa kuwa hukuncinta daban. Wanda ya rubuta saki yana mai ƙudurta shi, ya auku tun a rubutun. Wanda ya rubuta yana wasiwasi, yana so ya kwana a kai ko ya yi shawara da mahaifinsa, ba abin da ya auku muddin takardar ba ta bar hannunsa ba. Yana iya yayyaga ta, aurensa na nan da igiyoyinsa uku. Malaman fiƙihu sun ba alƙalami jinkirin da ba su ba harshe ba, domin sun san mutum kan rubuta abu don ya gan shi da ido ya auna, alhali ba a furta saki don a gwada yadda zai yi daɗin ji.

To saƙon murya wanne ne a ciki? Duk kamanninsa na wasiƙa ne. Yana da wanda za a kai wa, yana da maɓallin aikawa, tun ƙarshen 2021 ma kana iya sauraron kanka kafin ka saki. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka magana ba ta zama magana ba sai ta isa kunnen wani, kuma sun dasa mana wannan tunani a yatsa ba mu ankara ba. Mai danne makirfo yana jin kamar har yanzu zancen na hannunsa. Amma abin da ya yi a zahiri shi ne ya motsa harshe, haruffa suka fito, kunnensa ya ji. Magana zarar bunu ce, kakanninmu suka ce, kuma ba su ce sai an ga wanda ya zara ba.

Ni ba mai fatawa ba ne, na ce ya tafi wurin malamin unguwarsu. Bayan kwana biyu ya biyo ya ba ni labari. Malam bai ko karɓi wayar ba. Ya tambaye shi ainihin kalmomin da ya faɗa, da ko ya kai ƙarshensu kafin ya ja yatsa, da ko fushin ya kai inda bai san abin da yake faɗa ba, da ko ya taɓa yi a baya. Da ya gama ji sai ya ƙirga masa ɗaya, ya ce ya mai da ita tun tana cikin idda, ya kafa shaidu, kuma ya sanar da ita. Haka yarinyar nan ta sami labarin igiyarta ɗaya ta tsinke da kalmar da ba ta ji ba, wadda kuma ba ta nan ko'ina a bayan ƙasa. Na ji wasu samari a fadar shayi suna cewa an tsaurara, ai niyyarsa a rataye take da aikawa, kamar dai mai wasiƙa. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma in aka buɗe wannan ƙofa, kowane mai zafin rai ya sami ɗakin da zai riƙa sakin matarsa safe da yamma yana ja gefe, har ran da yatsa zai zame. Na tausaya wa yaron, na kuma ga malam ya yi daidai.

Masu wa'azi suna son wannan batu, don yana da sauƙin hawa. Tun muna makarantar allo aka gaya mana akwai mala'iku biyu, na dama da na hagu, kuma Suratu Ƙaf ta tabbatar ba kalmar da ke fita baki ba a tsare ta ba. Sai mai wa'azi ya ɗaga waya a kan mumbari ya ce, in ɗan Adam ya iya ƙera wannan, ina ga Mahaliccinsa? Ka goge nan, can ba ta goguwa. Gaskiya ne, sai dai rabin zancen ake faɗa, kuma rabin da ake bari shi ya fi damuna.

Littafin can yana goguwa mana. In ba ya goguwa, mene ne amfanin tuba? Suratu Hudu ta sanar da mu kyawawan ayyuka na tafiyar da munana. Akwai ma hadisin da Ɗabarani ya ruwaito daga Abu Umama, wanda wasu malamai suka kyautata isnadinsa, mai nuna mala'ikan hagu yana ɗage alƙalami sa'o'i shida ga wanda ya yi kuskure, ko zai nemi gafara kafin a rubuta. Wato mai rubutun da ba ya mantuwa, ba ya barci, ba ya son kai, shi ma an hore shi da jinkiri. Kuma abin da ya rubuta a rufe yake har ranar da za a buɗe, ba ya tura wa guruf ɗin dangi. Mu kuwa mun karɓi aikin naɗar maganar junanmu ba tare da ko ɗaya daga waɗannan ladubba ba. Muna naɗa nan take, muna yaɗawa nan take, ba mu da wurin tuba a memori.

Shi ya sa nake ganin maɓallin ji-sau-ɗaya ba kayan munafukai kaɗai ba ne, kamar yadda wasu ke cewa wai mai gaskiya ba ya tsoron a ajiye maganarsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mai da zancen da mutum ya yi sannan ya waiwaya amana a wuyan wanda ya ji. Ba sai ya ce kada ka faɗa ba, waiwayen ya isa. Mai taɓa lamba 1 kafin ya aika waiwayen ke nan ya yi. Matar da ke gaya wa yayarta ciwon da take jin kunyar faɗa, ɗan cirani a Tamanrasset da ke shaida wa amininsa cewa aikin ya ƙare, kuɗin da yake aikowa gida rance ne, uban da ke yi wa ɗansa faɗan da ba ya so surukarsa ta ji: duk waɗannan suna neman abin da kowa ke samu kyauta a da in ya ja mutum gefen katanga.

Maɓallin kansa ba ya tsare kowa. Duk yaro a fada ya san dabarar: a sa wannan waya a lasifika, a kanga mata wata, a naɗe. Kusan kullum sai an zo mini da buƙatar in sa wa mutum irin WhatsApp ɗin nan na bayan fage, su GBWhatsApp, masu riƙe saƙon da mai shi ya goge, ko manhajar da ke naɗar kira a ɓoye. Ina gaya musu kamfanin na iya rufe musu lamba, wanda gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina na ƙin sawa ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ban ga bambanci tsakanin mai laɓe bayan zana da mai kanga waya ta biyu ba, in ban da cewa na farko yana jin kunya in an kama shi. Ashe ko da fayil ko ba fayil, zancen ya koma inda yake tun farko, wato halin wanda aka gaya wa.

Garin nan ya daɗe yana rayuwa kan maganar da ba a ajiye ba. Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884 bayan sama da shekara 30 a gadon sarauta. Shari'un da ya yanke, shawarwarin da ya yi da manyan fada, abin da ya iso gare mu daga ciki shi ne wanda maroƙa da tsofaffi suka ga ya cancanci riƙewa, irin wanda André Salifou ya bi ya tattara don littafinsa na tarihin Damagaram na 1971. Abin mamaki, ɗan ƙasar nan na wancan zamani da muka fi sanin yadda yake jera zance ba basarake ba ne. Dorugu ne, yaro daga Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi wani Bature mai suna Barth har Ingila a 1855. Can wani fasto mai suna Schön ya zaunar da shi yana rubuta abin da ke fita bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Da bai gamu da mai alƙalami da haƙurin zama ba, da tasa ma ta bi ta sauran bayi. A lokacin ajiye magana aiki ne mai tsada, mantuwa kuwa kyauta ce. Yanzu abin ya juye, sai ka nemi maɓalli kafin a manta da abin da ka ce.

Kuma ba mu taɓa ɗaukar sharewa asara a kowane hali ba. Almajiri ya rubuta allonsa, ya hardace, ya biya wa malam, ya wanke, a zuba ruwan inda ƙafa ba ta takawa. Mafi tsarkin magana ke nan ake wankewa kullum a tsangayun garin nan, ba wanda ya ce an yi ɓarna, don ta riga ta zauna inda ake so ta zauna. Sahabbai ma da farko an hana su rubuta wani abu daga bakin Annabi ban da Alƙur'ani, har aka ce wanda ya rubuta ya goge, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id. Daga baya aka yi izini, kuma sai zamanin Umar ɗan Abdul'aziz aka ba da umarnin tattara hadisi daga sama.

Inda na fi ganin kuɗin da muke biya shi ne wurin sulhu. Duk wanda ya taɓa zama zauren mai unguwa ana sasanta 'yan'uwa ya san yadda ake yi. Wannan ya ce an zage shi, wancan ya ce, "Ni ba haka na ce ba, ba a fahimce ni ba ne." Kowa a zauren ya san haka ya ce. Dattawa sai su yi kamar sun yarda, don sun san wannan musun rabin ban-haƙuri ne, hanya ce da mutum zai janye maganarsa bai zub da girmansa ba. A yi addu'a, a raba goro, bayan shekara ko waɗanda aka yi abin gabansu ba sa tuna ainihin kalmomin. Yanzu kuwa ana cikin haka sai wani ya laluba aljihu ya ce, "Bari a ji." Da an kunna, sulhu ya tashi. Murya ta fi rubutu muni a nan, domin tana dawowa da zafinta, da hucinta, da yadda aka ja sunan uwar mutum. Mai maganar ya huce tuni, ya yi nadama, wataƙila har ya sauke farali, amma odiyonsa na nan yana fushi kamar yau aka yi. Na san gidaje a Birni da ba a gaisawa saboda minti ɗaya da rabi da aka ƙi gogewa.

Duk da haka ba zan ce kowace magana ta cancanci mutuwa ba, addinin ma bai ce haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Baƙara, kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi zai yi shifta. Inda haƙƙin wani ya shiga, mantuwa ba rahama ba ce, makamin mai ƙarfi ce. Ɗan kasuwar da ya karɓi buhunan wake bashi daga manomin Mirya ya yi alkawarin biya da saƙon ji-sau-ɗaya ya san abin da yake yi. Haka mai gidan da ke yi wa yaron shagonsa barazana, haka saurayin da ke yi wa yarinya alkawarin aure don ya sami abin da yake so, haka mijin da ya saki mace da baki gobe ya rantse bai yi ba. Ita wannan matar, in ta ajiye muryarsa ta kai gaban alƙali, ba ta ci amanar kowa ba; Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa.

Tarihinmu ma ya ɗanɗani sharrin an-ce-ka-ce. A 1906 Faransawa suka kama Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin yana ƙulla yi musu tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa tare da wasu manyan gari, cikinsu har da attajirin nan Malam Yaro. Zance ne na kai-kawo, ya bi ta bakin 'yan fada da tafintoci, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan ko an ƙulla makircin ma. Damagaram ta zauna ba sarki, sai mai riƙo, har 1923. Ba ina cewa da akwai rakoda da ya tsira ba, Nasara in ya yi niyya ba ya rasa hujja. Amma inda ba a iya komawa ga ainihin abin da aka faɗa, wanda ya fi kusa da kunnen mai iko shi ke da gaskiya.

Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. Tun da aka kafa dokar laifukan intanet a 2019, mutane sun kwana a tsare a ƙasar nan saboda saƙon murya da ya fita daga hannun wanda aka aika wa, musamman lokacin korona a 2020. An sassauta dokar a 2022, aka dawo da hukuncin ɗauri a 2024. Talakan da ke son ya yi wa abokinsa ƙorafin tsadar shinkafa da halin masu mulki, shi ma lamba 1 ɗin nan ce garkuwarsa. Maɓallin da azzalumi ke ɓoye sawunsa da shi, shi ne wanda mai rauni ke fakewa a bayansa. Saboda haka in aka tambaye ni a teburi, ba na cewa halal ne ko haram ne, tambaya nake yi: in maganar nan ta ɓace, wa zai yi asara? In bashi ne, ko aure, ko saki, ko gado, ko jingar aiki, a aika ta yadda za ta zauna, mai ajiyewa kuma ya faɗa a fili cewa yana ajiyewa. Wanda ya aiko maka irin wannan da ji-sau-ɗaya, ka ce ya maimaita a na kullum. In ya ƙi, ka ji amsarka.

Kashi na farkon nan, masu neman a tono musu muryar da ta ɓace, su ne ba ni da wata ƙa'ida a kansu. A da in mutum ya rasu muryarsa kan dushe a kunnen masoyansa sannu a hankali, haƙuri na shigowa ta wurin da ta bari. Yanzu uwa na iya kwana tana kunna "Inna, ina wuni" har asuba. Wasu yana yi musu magani, wasu yana hana miki warkewa, kuma ba mai gyaran waya ne zai raba ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, daga lungun bayan babban masallaci, ta kawo mini wayarta ƙulle a bakin zane, gilashin ya mutu. Ɗanta ya bi ta Agadas da Dirku ya shiga Libiya, yana aikin gini a Sabha, ciwo ya kama shi, can aka rufe shi. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Na sauya gilashi, wayar ta tashi, saƙonninsa na nan sun fi arba'in. Na ce zan kwafe mata su a kati don ko wayar ta sake lalacewa. Ta ce in dakata. Ba ta karatu, amma ta san kowanne da mazauninsa da tsawonsa. Ta zauna kan benci tana kanga wayar a kunne, ta ji farkon wannan ta wuce, ta ji farkon wancan ta wuce, har ta tsaya kan wani mai tsawo.

"Wannan, ɗana, cire mini shi."

"Inna, in na cire fa ba ya dawowa."

"Na sani. Ƙanensa yake yi wa faɗa a ciki, kan kuɗin da ya aiko a sayi tumaki. Ya faɗi maganganu. Sun shirya kafin Allah ya karɓi abinsa, ni ce shaida. 'Ya'yansa za su girma su karɓi wayar nan, su ba su san an shirya ba."

Ban saurara ba. Na share shi daga wayar tukuna, sannan na kwafe sauran, don kada ya taɓa shiga katin balle wani mai irin sana'ata ya tono shi wata rana. Ta biya kuɗin gilashi, muka yi ciniki kan katin har ta karya ni zuwa jaka biyu, ta ce gobe za ta turo jikanyarta in nuna mata yadda ake nemo su.